Takardar da Na Nuna wa Mai Gonar Rogo

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, har sunayen wasu da muka zauna benci ɗaya da su a lakwal, wato makarantar boko, sun ɓace mini. Amma ranar da na tsaya a ƙasar wani dattijo, na zaro takarda daga aljihu na kaɗa masa a fuska, wannan kam ko tsufa ya kwashe mini komai ba na jin zai iya ɗaukar ta. Har yau in na tuna sai kunya ta lulluɓe ni, sannan godiya ta biyo baya, ita ce ma ta fi daɗewa a zuciyata.

A Zongon Lome aka haife ni. Babana yana da ɗan shago a gefen babbar kasuwar Asigame, yana sayar da kwaɗo da ƙusa da fitilar ƙwai da irin waɗannan tarkace. Ni kuwa an sa ni lakwal, na sha Faransanci har ya hau mini kai. Lokacin da abin ya faru ina da shekara ashirin da 'yan kai, ina taya Baba zaman shago, ina jiran aikin ofis da ya ƙi zuwa. In ka ji ina zuba a wancan zamani sai ka rantse ni na kawo boko ƙasar Togo.

Wani Bature da ya koya mana labarin ƙasa shi ya jefa ni cikin hawan dutse. Ba irin hawan da za ka bi tudu da ƙafa kana hira ba. Bango ne na dutse a miƙe tsaye. Za ka ɗaura ɗamara a ƙugu, a ƙulla mata igiya, ka riƙa laluben ɗan ramin da yatsa zai shiga da ɗan tudun da babban yatsan ƙafa zai dafa. Baturen ya riga ya bi jikin dutsen ya kakkafa ƙusoshin ƙarfe masu zobe, kana hawa kana maƙala igiyarka a jikinsu, abokinka yana ƙasa riƙe da ɗaya bakin igiyar. In ka zame, bayan Allah sai shi. Inna ta ce ita dai mutum ta san ta haifa, ba ta san ranar da ya rikiɗe ya koma ƙadangare ba. Samarin unguwa suka ɗauka, aka koma kira na ƙadangaren Bature. Ban damu ba, don daɗin da nake ji a can sama ban taɓa jin irinsa a wani wuri ba.

Wurin yana wani ƙauye ne a hanyar kogin Mono, tafiyar awoyi a motar haya. Tsohon rami ne inda wani kamfani ya taɓa fasa dutsen farar ƙasa, irin wanda ake yin siminti da shi, ya kwashi abin da zai kwasa ya tafi ya bar bango fari tas. Dutsen yana da kaushi kamar dutsen goge kaushi, duk huda-huda, wani lokaci ka kai hannu ka ga siffar katantanwa a manne a jikinsa. Baturen ya ce da can teku ne a wurin. Da na faɗa wa Inna ta ce to Allah ya kyauta, ƙaryar ma har da ta teku.

Sai dai ba a isa dutsen sai an bi ta ƙasar wani dattijo. Gidansa ne na ƙarshe a ƙauyen, gonarsa ta rogo kuma ta shimfiɗu daga bayan gidan har bakin ramin. Kowa Togbui yake ce masa, wato kaka a yarensu, mu ma haka muka bi. Dokar Baturen ɗaya ce, kuma ba ya sassautawa: in mun sauka daga mota, gidan Togbui za mu fara nufa. Mu tsaya a bakin danga mu ce "agoo", sallamarsu ke nan, sai an amsa "amee" sannan mu shiga. A ba mu kujera, matarsa ta kawo ruwa a ƙwarya kowa ya kurɓa, sannan ya tambaye mu me ke tafe da mu, kamar bai ga igiya a kafaɗunmu ba, kamar ba makon jiya ya yi mana wannan tambayar ba. Baturen ya amsa da gurguwar Minarsa, wato yaren da ake yi a yankin, dattijon ya gyaɗa kai ya ce hanya tana nan. Hanyar kuwa ba ta cikin gona ta bi ba, zagaye take yi ta bayan itatuwan kwakwar manja, kusan rabin awa ana tafiya, alhali ga dutsen can kana hango farinsa. In da za ka ratsa gonar, kafin a tafasa shayi ka isa.

Ni a raina duk wannan ɓata lokaci ne. Na taɓa ce wa Baturen ai ramin ba na tsohon ba ne. Ya ce mini, "Ramin ko na wane ne, ƙasar da za ka taka kafin ka isa tasa ce." Ni dai ban yarda ba.

Da dogon hutu ya zo, Baturen ya tafi ƙasarsu. Ya bar mini buhun igiyoyi da ƙarafa amana, ya kuma bar mini wata takarda. Wanda bai yi zamanin jam'iyya ɗaya ba ba zai gane darajar takarda ba. Lokaci ne da ba a ɗaga murya a motar haya, kowace hanya kuma da shingen sojoji. Samari huɗu da igiyoyi da ƙugiyoyin ƙarfe a buhu, ai sai ka kwana kana bayani. Shi ya sa Baturen ya samo takardar izini daga wani ofis, mai hatimi biyu da sa hannu, tana cewa masu ɗauke da ita 'yan wasan motsa jiki ne, a bar su su wuce da kayansu. Iyakar abin da ke cikinta ke nan. Don sojoji aka yi ta, ba don kowa ba. Amma tun da na ga soja ya duba ta ya miƙo mini ya ɗaga sandar shinge, sai na fara jin kamar ni ma wani ne.

Wata Lahadi a cikin damina na kwashi mutum uku. Ɗaya abokina ne na unguwar Hedzranawoe, ɗan ƙabilar Mina, shi ke riƙe mini igiya kullum. Sauran biyun samari ne daga unguwar Avedji da ba su taɓa zuwa ba, kuma gaskiya so nake in burge su. Motar ta daɗe ba ta cika ba, a hanya kuma taya ta fashe. Ba mu isa ƙauyen ba sai da rana ta take, ga hadari yana haɗuwa ta gabas. Na dubi gidan Togbui, na dubi dutsen, na lissafa zaman kujera da shan ruwa da zagayen kwakwa, na ce yau kam ba za a yi da ni ba. Muka lallaɓa ta bayan danga muka nufi gonar.

A bakin gonar abokina ya tsaya cak. An kafa wata sanda, an ɗaura mata ɗanyen ganyen kwakwa.

Ya ce, "Mon frère, ɗan'uwana, ka ga wannan? Ma'anarsa kada a shiga. Mu koma mu gai da Togbui, ba zai ɗauki lokaci ba."

Na ce, "Ganye ne zai hana ni wucewa? Ni da na wuce shingen soja uku yau da safe?"

'Yan Avedji suka yi dariya, dariyar nan kuwa ita ta ƙarasa ni. Na tsallake sandar na wuce, suka biyo ni, abokina ya bi a baya yana ƙunƙuni. A idona na ɗan birni, wajen da muka fara bi fili ne kawai da 'yan guntayen kirare a tsattsaye. Ban san sabon dashen rogo ba ne, an soka itacen a kunya bai daɗe ba, ya fara fid da toho. Muka bi ta kai da manyan takalma da buhu a baya. Daga nan muka kutsa cikin tsohon rogon da ya kai ƙirji, muna ture shi da kafaɗa har muka ɓulla bakin rami.

Ni na fara hawa. Na yi ta nuna gwaninta, ina rataya da hannu ɗaya ina waiwaye don in ga ko ana kallona. Da na kai ƙarshe na juya don in sha iska, sai na hango gonar daga sama. Ga sawunmu nan a fili, mun ja layi tun daga sandar ganye har gindin dutse, kunyoyi a rushe, rogo a kwance. Na kuma hango mutum a tsaye a bayan abokina, da hular kaba da adda a hannu. Togbui ne. Bai ce uffan ba. Daga baya abokina ya gaya mini cewa dattijon ya daɗe a wurin, da ya juya zai gaishe shi sai ya yi masa nuni da hannu cewa ya kula da igiyarsa. Ransa a ɓace, amma bai yarda ya ɗauke hankalin wanda ke riƙe da raina ba. Sai da ƙafata ta taɓa ƙasa na kwance igiya sannan ya buɗe baki.

Da Mina ya yi magana, a hankali. "Ɗana, wa ya nuna maka wannan hanyar?"

Duk ɗan Zongo yana jin Mina kamar Hausa, a kasuwa muka tashi da ita. Amma ni da Faransanci na amsa masa, yaren da na san ba ya ji. Na ce muna da izini. Na zaro takardar, na warware ta, na ɗaga masa ita daf da fuska, na ɗora yatsa a kan hatimin.

Bai iya karatu ba, amma ya san hatimi. Na ga idonsa ya tsaya a kansa. Na ga addar ta sauka a hankali har bakinta ya taɓa ƙasa. Sai ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji, dattijon da ya yi jika da ni, ya ce, "To. Na ji. Ku dai bar ni in cire rogona tukuna." Ya juya ya bi ta zagayen kwakwa ya tafi, alhali gonarsa ce, bai ko bi ta layin da muka ɓata ba.

Na fahimci abin da ya ɗauka. Ba zan yi wa kaina ƙarya ba, na fahimta sarai: ya zaci takardar karɓe gona ce. Kalma ɗaya ta isa ta warware komai, kuma tana bakina. Amma 'yan Avedji suna kallona kamar wani kwamanda, sai na ninke takardar na mayar aljihu. Abokina ya naɗe igiya, har muka iso Lome bai dube ni ba.

Bayan magariba muna cin tuwo da Baba a tsakar gida, na kawo labarin da kaina, ina dariya. Na ce, "Baba, yau na ga ƙarfin takarda. Wani tsoho ya zo zai yi mana tsiya, ina nuna masa hatimi sai ga shi ya cire hula."

Baba ya tsaya da loma a hannu. "A ina?"

"A gonarsa."

"Da ya cire hular, me ya ce?"

Na faɗa masa. Baba ya mayar da lomar cikin kwano. Ya wanke hannu, ya daɗe yana kallon ƙyauren ɗakinsa, sannan ya ce, "Tashi ka taɓa ƙyauren nan." Na tashi na taɓa, ina mamaki. Ya ce, "Daga ina ya zo?"

Ƙyauren nan daga tsohon Zongo ya zo, na tsakiyar gari, inda aka haife ni, kafin a tashe mu a watso mu nan bayan gari. Ina yaro lokacin, amma na tuna. Na tuna mutanen da suka zo da takarda, na tuna ƙarar katafila.

Baba ya ce, "Ranar da suka nuna mini tasu takardar, ni ma ban iya karanta ta ba. Hatimin kawai na gani. Ka san abin da na ce musu? Na ce su bar ni in cire kwanon rufina da ƙyaurena tukuna. Kai ne ka riƙe mini gwangwanin da nake zuba ƙusoshi. Na sa ka lakwal don kada a sake nuna wa gidan nan takardar da ba mu san abin da ke cikinta ba. Ashe kai zan tura ka je ka nuna wa wani."

Bai ɗaga murya ba, bai zage ni ba. Da ma ya mare ni da ya fi mini sauƙi.

Na ce, "Baba, ranar Lahadi zan koma in yi masa bayani."

Ya ce, "Lahadi? Mutumin da ya ce a bar shi ya cire rogonsa, kana tsammanin zai jira ya ƙosa? Ni ban jira gari ya gama wayewa ba na hau rufi. Gobe da asuba zai fara tumɓuke gonarsa, abincin shekararsa ke nan. Motar farko za mu bi."

Tun da na yi wayo ban taɓa ganin Baba ya bar shago a rufe ranar Litinin ba, in ba salla ko rasuwa ba. Ranar ya bar shi. Muka biya ta Hedzranawoe muka ɗauki abokina. Shi ne ya ce a al'adarsu in za a ba dattijo haƙuri kwalbar giya ake kaiwa. Baba ya ce, "Wannan kam ba za ta hau hannuna ba, ɗana. Abin da muke da shi shi za mu kai, in ya karɓa Alhamdulillahi." Ya sayi farin goro aka ƙunsa a ganye, ya sayi gishiri, ya kuma sayi sabuwar fartanya ya miƙo mini. Duk tsawon hanyar ina addu'a a raina Allah ya sa Baba ya yi kuskure.

Bai yi kuskure ba. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, balle ni da dutse kawai na hau. Tun daga nesa muka ga mutane a gonar. Togbui da matarsa da wasu mata biyu suna ta tumɓuke rogo, sun riga sun share wani babban yanki. Ga tarin saiwar a gefe, 'yan sirara kamar yatsun hannu, rogon da yake bukatar watanni kafin ya zama abinci.

Na yunƙura zan ruga in tsayar da su, Baba ya damƙe hannuna. Ya tsaya a bakin sandar nan mai ganyen kwakwa, ya ɗaga murya ya ce, "Agoo!" Ba a amsa ba. Ya sake. Ana ta ƙara cire rogo a gaban idona, amma Baba bai ɗaga ƙafa ba. Sai a na uku Togbui ya miƙe, ya dube mu, ya dube ni, ya ce, "Amee." Ya fito ya kai mu gindin wata bishiya. Abin da ya fi ba ni kunya, sai da ya sa aka kawo mana ruwa a ƙwarya. Matarsa ta dire ta a gabana har ruwan ya fantsalo.

Baba ya cire takalmi ya tsuguna, ya jawo ni na tsuguna. Ya ce da Mina, "Togbui, wannan ɗana ne. Ya yi maka laifi biyu, ya taka gonarka, ya kuma tsorata ka da abin da ba gaskiya ba. Babu mai karɓar maka gona. Ka sa su daina cirewa." Sannan ya juyo gare ni ya ce da Hausa, "Fito da ita. Karanta da ƙarfi, ka juya masa da yarensa, kalma bayan kalma. Kada ka tsallake ko ɗigo."

Na karanta. Masu ɗauke da wannan takarda 'yan wasan motsa jiki ne. A bar su su wuce da igiyoyinsu. Ban taɓa jin Faransanci ya yi mini nauyi a baki kamar ranar ba.

Togbui ya ce, "Sunana ba ya ciki?"

Na ce babu.

"Gona fa?"

"Babu gona, Togbui. Maganar igiya ce kawai."

Ya juya ga abokina, ɗan yarensu, ya ce shi ma ya duba. Abokina ya duba ya tabbatar masa. Sai dattijon ya zauna a ƙasa daɓas, ya dubi yankin da suka share, ya rufe fuska da hularsa. Ban san ko dariya yake ko kuka ba, kafaɗunsa dai suna motsi.

Matarsa kuwa ba ta rufe komai ba. Ta wanke ni tas, tun daga kaina har takalman da na taka mata dashe da su. Ta ce tun jiya mijinta bai sa komai a baki ba. Ta ce akuya ma in ta ga ganyen kwakwa a sanda tana jin kunya. Tana cikin faɗa ta fizge takardar daga hannuna, ta nufi murhun da suka haɗa don suyar garin rogo, ta cusa ta a wuta. A zamanin nan kuwa ƙona takarda mai hatimi ba wasa ba ne. Kowa ya waiwaya ya ga ko akwai mai kallo. Baba ya ce a hankali da Hausa, "Ta yi daidai."

Da ƙura ta lafa Baba ya miƙa goro da gishiri. Ya ce ya san al'adarsu kwalba ce, amma addininsa bai ba shi dama ba, a yi masa uzuri. Ya kuma ba shi labarin ƙyaurenmu. Togbui ya saurara har ƙarshe, sannan ya nuna farin bangon da muke hawa da haɓarsa. Ya ce, "Awusa," haka suke kiran Bahaushe, "ka ga ramin can? Gonar babana ce. A can na koyi riƙe fartanya. Da takarda aka zo. Dutsen da yaran nan suke hawa, a ƙarƙashin doyarmu yake da." Ya ce da Baturen ya fara zuwa ya yi sallama ya roƙi hanya, sai ya ji daɗi, don tun da aka haƙa ramin ba wanda ya taɓa tambayarsa komai game da shi. Ashe zaman kujerar nan da nake rainawa, shi ne kaɗai abin da ya rage masa na gonar ubansa.

Ya ɓare goron, ya gatsa, ya yamutsa fuska don ɗaci, amma ya cinye. Ya ce ya haƙura. Sai dai hanya ta rufe, ba mai hawa dutse sai rogon da za a sake dasawa ya ƙosa. Ya ce, "Dutse ba ya gudu." Baba ya nuna fartanyar da ke hannuna ya ce, "Ga ɗan ƙwadago na kawo maka, ba ya jin magana amma yana da ƙarfi."

Rogon da aka tumɓuke dai ba ya komawa, aikin gama ya gama. Abin da muka iya shi ne mu sassare itacensa mu sake dasawa. Ranar muka fara, har Baba ya naɗe babbar riga ya shiga kunya. Daga nan kowace Lahadi ina hanya, ba igiya, ba takarda, sai fartanya, kuma ba sojan da ya taɓa tambayata izinin ɗaukar fartanya. Hannun da nake taƙama da shi a kan dutse ya yi kanta ya faffashe. Da Baturen ya dawo na faɗa masa komai da bakina, ina jiran ya karɓe kayansa ya kore ni. Sai ya tambaye ni ko akwai fartanya ta biyu.

Togbui ya koya mini yadda ake soka itacen rogo a karkace, idon yana kallon sama. Yana yi mini dariya in na juya shi. Matarsa kuwa wata da watanni ba ta ce mini ci kanka ba. In na gaishe ta sai ta amsa wa bishiya. In lokacin azahar ya yi nakan roƙi ruwa a gwangwani in koma gefe in yi alwala, rabi ya zube kafin in kai ƙafa. Wata Lahadi na zo na tarar da sabuwar buta a rataye a reshen bishiyar nan, cike da ruwa, ga tabarma a jingine. A ƙauyen nan kaf ba Musulmi ko ɗaya, sai ta je kasuwar wani gari za ta samo buta. Na je in yi mata godiya, ta ce ita ba don ni ta saya ba, ta gaji ne da ganin ana yi mata ɓarnar ruwa. Na koma bayan bishiya na yi hawaye, ban kuma ji kunyar yin su ba.

Da rogon ya ƙosa muka cire shi tare. Togbui da kansa ya je ya kwance busasshen ganyen daga sandar, ya ce hanya ta buɗe. Har ya ce yanzu da gona take fili, in mun so mu ratsa. Ba wanda ya ratsa. Muka bi zagayen kwakwa, ni ne a gaba. Matarsa kuma ta ba ni ƙullin gari ta ce in kai wa Awusa, ba ni ta ba ba.

Su duka sun riga mu gidan gaskiya yanzu, Baba da Togbui da matarsa. Ina gode wa Allah da ya haɗa ni da su a lokacin da kaina yake rawa. Ina gode wa dattijon da ya jira na sauko kafin ya yi fushi, da matar da ta zage ni ta kuma saya mini buta, da uban da ya rufe shagonsa don rogon mutumin da bai taɓa gani ba.

Abin da na koya shi ne, ko me kake riƙe da shi a aljihu, ƙasar mutum ba a shigarta sai da sallama, kuma sai an amsa. Aikin ofis ɗin da nake jira ya zo daga baya, na yi shekaru ina zaune a bayan tebur, hatimi a hannun damana. Abokan aiki sun sha yi mini tsiya wai ina ɓata lokaci, don duk wanda ya zo gabana bai iya karatu ba, ba na barin ya ɗora yatsa a takarda sai na karanta masa ita da yarensa, kalma bayan kalma. In kuma na ga dattijo ya kai hannu zai cire hula don ya ga hatimi, nakan miƙe tsaye in ce, "Baba, mayar da hularka. Zauna ka sha ruwa tukuna, ka gaya mini me ke tafe da kai."